Yaya, ba bammi ba ne a bokitin nan

Yaya, na ga saƙonka tun shekaranjiya, na bari ne sai da raina ya kwanta. Tambaya uku ka jero a ƙarƙashin hoto ɗaya: me yara suke yi a daji ranar Talata da hantsi, ko bammi muke tarawa a bokitin da ke rataye a jikin bishiya, sai ta ukun da ka lulluɓe da dariya, wai ko da sauran Hausa a bakinsu. Tunda Gwaggo ma ta aiko a tambaye ni, bari in amsa a fili kowa ya ji.

Bishiyar sunanta mapul, ita ce ganyenta yake jikin tutar Kanada. A nan Minnesota, cikin watan Maris, hunturu yakan fara sakin jiki: da dare ruwa ya daskare, da rana ya narke. Wannan juyin ne yake motsa ruwan jikin bishiyar. Sai a huda ta kaɗan, a soka ɗan bututu, a rataya bokiti. Ruwan fari tas kamar na famfo, zaƙinsa da kyar harshe yake kama shi. Sai an dafa kusan galan 40 kafin a samu galan 1 na zumarsa. Makonni kaɗan ake yi, da bishiya ta fara toho shi ke nan, ɗanɗanon ya lalace sai baɗi. Kada ka ji an ce bazara ka ɗauka irin tamu ce ta zufa da mangwaro. Taɓo ne har idon sawu, ga ragowar dusar ƙanƙara ta yi daƙal-daƙal a gefen hanya.

Wurin da muka je cibiyar Richardson ce a Bloomington, kudu da Minneapolis, daji ne da aka killace don a riƙa koya wa yara itatuwa da tsuntsaye. Malamar da ta zagaya da mu ta ce mutanen Dakota da Ojibwe suna wannan aiki tun kafin Turawa su zo ƙasar. Ni kuwa ban gama jin bayaninta ba, don da muka matso inda ake dafawa tururin ya buge ni, sai ga ni a Maƙarfi. Ka tuna lokacin da Baba, Allah ya jiƙansa, yake ɗaukar mu wajen masu mazarƙwaila? Doki yana zagayawa yana juya injin rake, ruwa yana tsiyaya, kasko yana tafarfasa, kai kana satar ta gefen da ta fara daskarewa kana ƙona yatsa. Ƙamshin bai bambanta sosai ba. Na tsaya ina ba yaran labarin da Hausa, malamar ta yi shiru tana jira, daga baya ta roƙi in maimaita wa sauran. A ranar 'ya'yan iyalai shida suka koyi faɗin mazarƙwaila, ko da yake babu wanda ya iya ƙ ɗin sai nawa.

Maganar Talata kuma, Yaya, makaranta suke. A gida nake koyar da su, kuma doka ta yarda da haka a duk jihohin Amurka. A jiharmu kowace shekara sai na sanar da hukumar ilimi ta yankinmu kafin 1 ga Oktoba, kuma sai yaran sun zauna jarrabawar da ake auna su da tsaransu na ƙasa baki ɗaya. Ba ƙin boko muke ba, don na san abin da Gwaggo take tsoro ke nan. Na so ne su samu asuba da hantsi ga Alƙur'ani ba tare da an fizge su zuwa motar makaranta cikin duhu ba, ta tsakiyar kuma tana da nauyin karatu, aji mai yara da yawa yana barin ta a baya. Ranar da muka je dajin, lissafinsu shi ne galan nawa ake buƙata a cika kwalba biyu. Mun haɗa kai da wasu iyalai, biyu 'yan Somaliya, ɗaya daga Gambiya, sauran Kiristoci ne Turawa, kowace uwa da darasin da ta fi ƙwarewa. Abin da ya ba ni mamaki shi ne mutanen da suka tashi da makarantar allo a zauren gidansu su ne suke ganin karatun gida baƙon abu.

Yanzu ga inda ya sosa min rai. Ka rubuta, "ai dama 'ya'yan Bature." Shekara 14 ke nan ana kiran babansu Bature, mutumin da ya fi ka baƙi. A Chicago aka haife shi, a gidan Musulmi, iyayensa suna cikin waɗanda suka bi Imam Warith Deen Mohammed bayan 1975. Kawu ne ya karɓi sadakinsa a gabanka, ka kuma ci goron. Ban ce ya zama Bahaushe ba, har gobe tuwo da cokali yake ci, kuma ya kasa gane dalilin da ya sa ba na kiran sunan ɗana na fari. Mu Hausawan nan ba mu da yawa, ba kamar 'yan Somaliya da suke da unguwanni da kasuwanninsu ba. Wanda ya ce 'yarsa sai Bahaushe za ta aura a garin nan, to ya tanadi haƙuri mai yawa.

Hausarsu, ba zan yi maka ƙarya ba, tana ɗingishi. Babban yana yi sosai, ta tsakiyar tana ji amma da Turanci take amsawa, auta kuwa namiji da mace duk "ya" ne a wurinta. Abin yana damuna fiye da yadda yake damunku. A cibiyar akwai mujiya da suke ajiye da ita saboda raunin da ya hana ta komawa daji. Ina ganinta na ce a'uzu billahi na ja baya, auta kuwa ta manne da keji tana cewa kyakkyawa ce, tana tambayata me ta yi min. Na rasa amsa. A irin wannan wurin nake gane cewa akwai abin da na taso da shi wanda ba zai ƙetare zuwa gare su ba. Amma dai, Yaya, da na zo Abuja bara, da wane harshe naka suka gaishe ni?

Ranar ta faɗo cikin azumi. Da aka miƙo ɗan cokali kowa ya ɗanɗana, babban ya girgiza kai, ya ce wa malamar yana azumi, ko za ta zuba masa nasa a ɗan kofi ya tafi da shi. Ban ce masa komai ba, ban ko kalle shi ba. Ya riƙe kofin nan a mota har gida kamar ƙwai. Da magariba na soya waina, muka zuba a kai a madadin zuma, babansu ya ci bakwai.

Na sayi kwalba biyu, zan ba mai zuwa Sallah ya kawo muku. Ɗaya taka, ɗaya ta Gwaggo, ka karanta mata abin da ke jikin takardar kafin ta buɗe. In zai dawo, a nemo min mazarƙwailar Maƙarfi mai duhu, ba irin ta bakin titi ba, yaran suna so su gwada su ga wadda ta fi.