Amsa kan labaran Keltawa

Salamu alaikum 'yan guruf. Ƙanena na ji saƙonka, wai su Keltawan nan suna da labaran alloli da jarumai irin na Girkawa ne ko 'yan fim ne suka ƙirƙiro su. Toh ni abin da na ji kana tambaya shi ne me ya sa ba a jin nasu, kuma dalilin, malamansu ne suka ƙi rubutawa.

Mutanen nan fa ba kanwar lasa ba ne a Turai ta da. Daga masu haƙar gishiri na Halshtat a Ostiriya, zuwa Faransa, Sifen, Birtaniya, Ailan, har tsakiyar Turkiyya wajen Ankara duk an yi harsunansu, kuma wajen shekara ta 390 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) birnin Rum kansa suka shiga suka washe. Malaman nasu ana ce musu duruyid, su ne alƙalai, su ne masu yankan bauta, su ke koyar da yara. Yuliyas Kaisar, jagoran yaƙin Rumawa da ya murƙushe Keltawan Faransa a garin Alesiya a shekara ta 52 kafin haihuwar Annabi Isa, shi da kansa ya rubuta cewa wani sai ya shekara 20 yana hadda, kuma ba su yarda a rubuta karatun ba alhali sun iya haruffan Girkanci, da su suke sauran harkokinsu. Da Rumawa suka gama da malaman, abin da ke ƙirjinsu da shi aka binne su, a Faransa sai sunayen allolinsu kan duwatsu, irin su Lugus wanda daga sunansa aka samo na birnin Liyon.

Shi ya sa har yau raina ke ɓaci da wani malaminmu da ya taɓa ce mana a aji wai wanda bai rubuta ba ba shi da tarihi. Haba! Mutum ya shekara 20 yana hadda ka ce ba shi da... bari dai.

Ailan ce Rumawa ba su ci ba, can labaran suka tsira, 'yan zuhudun Kirista suka rubuta su a fatar maraƙi, tsofaffin kundayen na wajen shekara ta 1100 ne. Wanda ya fi tsaya min a rai shi ne Tain, yaƙi a kan bijimi. Sarauniya Meb da mijinta Ailil suna kwance suka soma gardamar wa ya fi wani dukiya, aka fito da tukwane, zobba, tumaki, dawakai, komai kunnen doki, sai wani bijimi mai fararen ƙaho da mijin ya fi ta, wanda ma a garkenta aka haife shi ya ƙi zama dukiyar mace ya koma na mijin. Ta aika Olsta, wani yanki a arewacin Ailan, a aro mata wani baƙi-baƙin bijimi na shekara guda, mai shi har ya yarda, 'yan aiken suka sha giya suka ce ai ko bai bayar ba da ƙarfi za su tafi da shi, shi ke nan magana ta lalace, ta ɗauko runduna. Mazan Olsta kuma duk suna kwance da ciwo irin na naƙuda, tsinuwar wata mai suna Maka ce, matar da aka tilasta ta yi tsere da dawakan sarki da tsohon ciki. Yaro ɗan shekara 17, Ku Kulan, shi kaɗai ya tare mashigi. Har aka turo masa amininsa Ferdiya da suka yi koyon yaƙi tare, da rana su sassari juna, da dare wannan ya aika wa wancan magani wancan ya aiko abinci, ƙarshe Ku Kulan ya kashe shi ya zauna yana kuka a kan gawar. Wallahi wurin nan yana taɓa ni.

Amma ka lura, Kiristoci ne suka rubuta, ɗaruruwan shekaru bayan an bar addinin Keltawa na da. Allolin ma marubutan sun mayar da su mutanen da, asalin mutanen Ailan ma sai da suka kai shi ga zuriyar Annabi Nuhu. Don haka kar ka ɗauki abin da ke kundin Ailan ka ce shi Bakelten Faransa yake bauta wa a zamanin Kaisar, tsakaninsu ya fi shekara 1000.