Amsa: Barin Facebook na wata guda

Ɗan'uwa, ka tambaya ko barin Facebook da TikTok na wata guda zai kwantar maka da hankali. Ni na gwada a azumin bara, nan Sakkwato.

Kwana ukun farko na sha wuya. Hannuna kan tafi aljihu ba dalili, har nakan ji kamar wayar tana motsi alhali shiru take. Bayan mako guda barci ya dawo, don hasken waya da dare yana jinkirta shi. Abin da ya fi mini daɗi, na daina auna rayuwata da hotunan bikin wasu.

Amma kaɗaici zai zo, wallahi. Kada ka goge WhatsApp in danginka suna can, kuma bayan la'asar ka fita majalisar ƙofar gida a yi hira.