Katin awo ya ce mako 18, aurena kuwa makonsa 12

Assalamu alaikum Anti. Ni 'yarki ce daga Agege a Legas, shekarata 27. Mijina na fari ya sake ni a watan Mayu, tun daga nan ko gaisuwa ba ta sake haɗa mu ba. Al'adata ba ta da tsari, wani lokaci sai na yi wata biyu ban gani ba, shi ya sa iddata ta yi tsawo, sai 20 ga Nuwamba na ga jini na uku. An ɗaura mini sabon aure 6 ga Janairu, na tare a daren. Ranar 31 ga Maris na je awo, malamar asibiti ta rubuta mako 18 a kati, aka tura ni hoton ciki shi kuma ya nuna mako 13 da kwana 1. Maigida ya ƙirga ya ga aurenmu mako 12 ne. Bai ce mini komai ba, amma yanzu daga kasuwar Mile 12 sai ya dawo ya kwanta bai ci abinci ba. Yayarsa ta ce kwantaccen cikin tsohon mijina ne ya tashi. Anti, wallahi ban san wani namiji ba. Ki taimake ni.

Wa'alaikumus salam 'yata. Share hawayenki, lissafin nan yana bayanki, kuma zan warware miki shi yadda za ki iya zaunar da maigida ki nuna masa da yatsa.

Mu fara da mako 18 ɗin nan. Na daɗe ina aikin awo a garin nan, na san yadda aka same shi. Akwai ɗan faifan kwali da muke juyawa a kan tebur, a tambayi mace ranar da ta fara ganin al'adarta ta ƙarshe, a saita, a karanta makonni. Daga 20 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris kwana 131 ne, wato mako 18 da 'yan kwanaki. Malamar ba ta yi ƙarya ba, sai dai faifan an yi shi ne don macen da jininta ke zuwa duk bayan kwana 28, wadda ƙwanta ke fita wajen kwana na 14. Ke ba haka jikinki yake ba. Ƙwai yakan fita ne kimanin mako biyu kafin al'ada mai zuwa, don haka macen da ke yin wata biyu ba ta ga jini ba, ƙwanta na iya jinkiri har bayan mako shida ko bakwai. A ƙa'idar aikinmu, idan hoton da aka yi a irin wannan lokacin ya saɓa da lissafin al'ada da fiye da mako guda, hoton ake bi, a gyara kati. Ya kamata a ce an gyara miki tun ranar, kuma yana ba ni takaici yadda cunkoson awo ke sa mu sallami mata da lambobi ba tare da bayani ba, alhali lamba ɗaya na iya raba aure.

Sai mako 13 da ya hana maigida cin abinci. Ɗauko takardar hoton, nemi inda aka rubuta GA, wato makonnin da ciki ya yi. Wannan lambar ba daga ranar shigar ciki take farawa ba. Likitoci suna ƙirga ciki mako 40, alhali jariri mako 38 yake yi daga ɗaukarsa zuwa haihuwa, wato kullum akwai ƙarin mako biyu a kai. Cire su. Saura mako 11 da kwana 1. Koma baya daga 31 ga Maris, za ki sauka a kan 12 ga Janairu, kwana shida bayan tarewarki. Hoton watanni ukun farko na iya kuskure da kwana biyar zuwa bakwai, gaba ko baya, kuma maniyyi na rayuwa a jikin mace har kwana biyar yana jiran ƙwai. Duk ta inda aka juya, cikin makon amarcinki ne ko kusa da shi. Inda aka rubuta EDD kuwa, wato ranar da ake sa ran haihuwa, za ki ga wajen 5 ga Oktoba, kusan wata tara cif daga ɗaurin aure.

Maganar yayar mijinki, na sha jinta a bakin mata daga Idi-Araba har Alaba Rago. A likitance ciki ba ya tsayawa da girma na watanni sannan ya farka. Abin da ke faruwa shi ne irin naki: jini ya ɗauke ba ciki, daga baya cikin ya shiga, sai a haɗa lissafin. Da na tsohon mijinki ne, rabuwar Mayu, da yanzu kina goyo. Ga kuma jini uku da kika gani. Ta fuskar shari'a, malamai sun ɗauki wata shida a matsayin mafi ƙarancin ciki, daga wata 30 na ciki da yaye a Suratul Ahƙaf da shekara biyu na shayarwa a Suratul Baƙara. Ɗan da aka haifa bayan wata shida da aure na mai shimfiɗa ne, wato mijin da ake aure da shi. Duk malamin da maigida ya yarda da shi zai faɗa masa haka.

Akwai gwajin DNA na tantance uban ɗa, ana yin sa a Legas, bayan haihuwa da ɗan auduga a goga cikin kumatun uba da jariri. Yana da tsada, kuma ni ban ga buƙatarsa a nan ba. Da ranar rabuwarki da tsohon miji da ranar tarewarki sun kusanci juna da 'yan kwanaki, da shi kaɗai zan ce ki yi, don hoto ba ya raba su. Naki tazarar wata bakwai ce da ɗoriya.

Ki adana takardar hoton nan, ita ce ta fi duk wanda za a yi nan gaba daidai, domin na ƙarshen ciki na iya kaucewa da mako uku. Awo na gaba ki roƙi maigida ya bar rumfa na rabin yini ya raka ki, ki nemi likita ya gyara katin a gabansa ya yi masa wannan bayani da bakinsa. Bayan kin haihu lafiya, in sha Allahu, ki koma a duba dalilin rikicewar al'adar, don yawanci yana da magani.