Tambayoyinku: MIVA, gamayyar ƙwallon ragar maza ta jami'o'in tsakiyar Amurka

Wasiƙun da suka iso teburin wasanni a wannan makon sun karkata ne ga ƙwallon raga na maza a jami'o'in Amurka, musamman gamayyar nan da ake taƙaita sunanta da MIVA. Mun haɗe waɗanda suka yi kama da juna.

Tambaya: Malam, ina yawan ganin MIVA a jikin sakamakon wasa. Kulob ne ko kofi? Yaushe aka kafa ta?

Amsa: Ba kulob ba ce, ba kuma kofi ba. A Amurka jami'o'i kan haɗa kai su kafa gamayya, abin da suke kira konfarens, su tsara jadawalin karawa a tsakaninsu, su fitar da zakaransu a ƙarshen kaka. MIVA gamayya ce irin wannan, sai dai wasa ɗaya tal take riƙe da shi, ƙwallon raga na maza. Cikakken sunanta Midwestern Intercollegiate Volleyball Association.

An kafa ta ranar 4 ga Fabrairu, 1961, a birnin Lansing na jihar Michigan, kuma ita ce ta farko a irinta a ƙasar. Mutum biyu suka yi ruwa suka yi tsaki: Jim Coleman na kwalejin Wittenberg da Don Shondell na Ball State. Makarantu takwas suka zauna a taron: Ball State, Ohio State, Michigan State, Wittenberg, Earlham, George Williams, Detroit Tech da wata kwaleji ta garin Lansing ɗin. A lura da shekarar, domin hukumar NCAA mai kula da wasannin jami'o'i ba ta fara gasar ƙasa ta wannan wasa ba sai 1970. Ashe MIVA ta girme wa kofin da take fafutukar ci da shekara tara.

Cikin takwas ɗin nan, Ball State da Ohio State ne suka zama ginshiƙai. Shondell ya riƙe Ball State sama da shekara 30 har zuwa 1998, ya ci wasa 769. Coleman ya kai ga horar da tawagar maza ta Amurka. Doug Beal kuwa, wanda ya jagoranci Amurka ta ci zinare a gasar Olamfik ta 1984, a Ohio State ya yi wasa, a nan kuma ya taɓa horarwa.

Tambaya: Na san Ohio State 'yar Big Ten ce. Me ya kai ta wata gamayya, har tana karawa da ƙananan makarantu?

Amsa: Ɗan'uwa, ka taɓo inda gizo ke saƙa. Big Ten, gamayyar manyan jami'o'i da Ohio State ke ciki a sauran wasanni, ba ta shirya gasar ƙwallon raga ta maza, domin mambobinta masu tawagar maza ba su da yawa. Saboda haka kowacce sai ta nemi gidan haya: Ohio State tana MIVA, Penn State tana EIVA ta gabas, UCLA da USC suna MPSF ta yamma. A ƙwallon kwando 'yan gida ɗaya ne, a ƙwallon raga na maza kowa da inda ya sa gaba.

Dalilin ƙarancin tawagogin kuɗi ne da doka. Dokar da ake kira Title IX ta 1972 ta wajabta wa makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya ta daidaita dama tsakanin maza da mata. Ƙwallon ƙafa irin ta Amurka ita kaɗai takan lashe guraben maza kusan ɗari, don haka jami'a mai son cika sharaɗi takan buɗe wasannin mata ta tsuke na maza. NCAA ta kasa makarantu aji uku, manya ne ke aji na ɗaya. Tawagogin mata na ƙwallon raga a aji na ɗaya sun haura 300, na maza kuwa ba su kai ko kashi ɗaya cikin goma na haka ba.

Da abin ya zama haka, sai NCAA ta zuba aji na ɗaya da na biyu a kwando guda, kofi ɗaya suke nema. Aji na uku ne kawai ya samu nasa kofin daga 2012. Shi ya sa za ka ga Ohio State, mai ɗalibai fiye da 50,000 a Columbus, ta hau mota ta tafi ƙaramin garin Lebanon na jihar Illinois don karawa da McKendree, wadda ɗalibanta ba su kai 3,000 ba.

Kada a ɗauka cin tuwo ne. Shekaru da dama doka ta ƙayyade wa kowace tawagar maza tallafin karatu huɗu da rabi kacal, alhali mata a aji na ɗaya suna da 12. Koci mai 'yan wasa 18 idan ya raba daidai, kowa rubu'in tallafi zai samu. Babbar jami'a ba ta da ikon tara gwanaye duka da kuɗi, shi ya sa yaro mai tsayi da hannu yakan zaɓi inda za a ba shi rabin kuɗin makaranta kuma a sa shi cikin shidan farko. A 2025 aka sauya tsarin ga manyan makarantun da suka amince da sabuwar yarjejeniya, aka koma ƙayyade yawan 'yan wasa maimakon yawan tallafi.

Tambaya: Su wa da wa ke cikinta? Na ga sunan wata jami'a ta Charlotte, ai wannan ba tsakiyar Amurka ba ce.

Amsa: A kakar 2025 su tara ne. Aji na ɗaya akwai Ball State ta garin Muncie da Purdue Fort Wayne, duka a Indiana, sai Ohio State, Loyola ta Chicago, Lindenwood ta St. Charles a Missouri, da Queens ta Charlotte a Karolina ta Arewa. Aji na biyu akwai Lewis ta Romeoville, McKendree da Quincy, dukansu a Illinois. Mai duba tsofaffin sakamako zai ci karo da IPFW. Ita ce Purdue Fort Wayne kafin a sauya mata suna a 2018.

Zancen Charlotte kuwa, sunan gamayya ba shinge ba ne. Queens ta shigo a kakar 2024. Kafin ita an yi Grand Canyon ta birnin Phoenix a Arizona, wadda tsakaninta da Columbus ya fi kilomita 2,500. Ta bar MIVA bayan kakar 2017, kuma ba faɗa aka yi ba. A 2018 gamayyar Big West ta buɗe tata gasar, ta kwashe tawagogi shida daga MPSF: Hawai, Long Beach State, CSUN, UC Irvine, UC San Diego da UC Santa Barbara. MPSF ta wayi gari da giɓi, Grand Canyon kuma ta samu gida kusa da gida.

Lambar shida ɗin nan ita ce sirrin duk wannan shige da fice. Gamayyar da ke son zakaranta ya samu gurbi kai tsaye a gasar ƙasa sai ta riƙe mambobi aƙalla shida. Wadda ta ga tana neman faɗowa ƙasa da haka za ta karɓi baƙo ko daga ina ya fito, ita kuma makarantar da ba ta da gamayya ta san ko ta cinye wasanninta da wuya a kalle ta. Tun 1961 makarantu fiye da 40 sun shiga MIVA, akasarinsu sun fita, wasu saboda kuɗin tafiye-tafiye, wasu sun koma gasar aji na uku, wasu sun rushe tawagar ɗungurungum. Saboda haka duk jerin sunayen da ka gani, fara duba shekararsa.

Tambaya: Yaya ake fitar da zakara?

Amsa: Kaka tana farawa a Janairu ta ƙare a Mayu. Kowace tawaga takan kara da sauran gida da waje, wato wasa 16 idan mambobi tara ne, ban da karawa da 'yan wasu gamayyoyi. Wasa turmi biyar ne, wanda ya fara cin uku ya yi nasara. Turmi huɗun farko maki 25 ne, na biyar 15, kuma dole a bayar da tazarar maki biyu. Tsayin raga mita 2.43 ne, fili mita 18 da 9.

A watan Afrilu takwas na sama su shiga gasar sili-ɗaya-ƙwale, wanda ya fi matsayi shi ke karɓar baƙi. Inda mutane ke ruɗewa shi ne, zama na ɗaya a tebur ba ya ba da tikitin gasar ƙasa. Amfaninsa kawai ka yi wasa a gidanka. Tikitin na wanda ya ci gasar Afrilu ne. Daga 1970 zuwa 2013 tawaga huɗu kacal ke zuwa gasar ƙasa, kuma a ƙarshen wancan zamani rabon a bayyane yake: zakarun MPSF, MIVA da EIVA, sai gurbi ɗaya na zaɓin kwamiti, wanda kusan kullum yamma yake tafiya. Tawagar da ta yi wata uku tana lallasa kowa, dare ɗaya sabis ya ƙi, shi ke nan kakarta ta tafi. An ƙara guraben zuwa shida a 2014, bakwai a 2018, kuma an ci gaba da ƙarawa bayan da gamayyoyi irin su SIAC da NEC suka shigo.

Tambaya: Wani ya ce min Lewis ta ci kofin ƙasa a 2003, amma a jerin NCAA ban ga sunanta ba. Wa ya yi gaskiya?

Amsa: Ku duka biyun. A fili Lewis ta doke jami'ar Brigham Young (BYU) da ci 3 da 2, ta zama makarantar aji na biyu da ta ɗaga kofin a gaban manya. Daga baya NCAA ta soke nasarar saboda an sa 'yan wasan da ba su cika sharuɗɗan cancanta ba. Ba a miƙa wa BYU kofin ba, shekarar a buɗe aka bar ta. Haka ya faru da Hawai a kofin 2002, kan ɗan wasa ɗaya da ya taɓa buga wasa cikin ƙwararru kafin ya zo jami'a.

Matsalar takan taso ne wajen 'yan wasan da aka ɗauko daga ƙetare. A Turai da Kudancin Amurka yaro a kulob yake tashi, ba a makaranta ba, kuma yana iya shiga tawagar manya masu albashi tun yana ɗan 17. Abin da can ba komai ba ne, a littafin NCAA na wancan lokaci laifi ne. An sassauta dokar daga baya, amma har yanzu akwai ofishin tantancewa da ke bin kwantiragi, kuɗin da aka karɓa da shekarar gama sakandare kafin a bar baƙo ya taɓa ƙwallo.

Tambaya: Gaskiya ne in ba 'yan Kalifoniya ba babu mai cin wannan kofi?

Amsa: A da haka ne. Daga 1970 zuwa 1993, gasa 24 a jere, kofin bai bar Kalifoniya ba, kuma Al Scates shi kaɗai ya ci 19 da UCLA a tsawon aikinsa. Penn State ce ta karya lagon a 1994. MIVA ta daɗe tana kaiwa bakin ƙofa tana dawowa: Ohio State ta sha kashi a wasan ƙarshe a 1977 da 2000, IPFW ta koci Arnie Ball ta faɗi a hannun UC Irvine a 2007. Ball State, duk da tana cikin huɗun farko na 1970, ba ta taɓa ɗaga kofin ba.

Sai a 2011 Ohio State ta Pete Hanson ta doke UC Santa Barbara 3 da 2. Loyola ta Shane Davis, tana wasa a gidanta na Chicago, ta ci Stanford a 2014. Wasan da ya fi ƙayatar da mu shi ne na 2015: an tafi har harabar Stanford, tsakiyar Kalifoniya, amma wasan ƙarshe tsakanin maƙwabta biyu na yankin Chicago aka yi shi, Loyola da Lewis, aka kai turmi na biyar kafin Loyola ta sha da ƙyar. Ohio State ta ɗora a 2016 da 2017, ta casa BYU 3 da nema sau biyu. Kofi biyar ke nan cikin shekara bakwai, huɗu a jere. Daga 2018 zuwa 2025 kuma ya koma hannun Long Beach State, Hawai da UCLA, ban da 2020 da annobar korona ta tsayar da kakar a watan Maris.