Manhajar yanayi a wasan tuƙin jirgi: a saya ko a haƙura?

Tambaya: Malam, ina tuƙa jirgi a kwamfuta da Microsoft Flight Simulator na 2020. Nakan tsara tafiyata a SimBrief, amma sau da yawa iskar da takardar ta ce zan tarar a sama ba ita nake tararwa ba. Abokaina sun ce sai na sayi Active Sky, wata manhajar yanayi da ake haɗawa da wasan. Kuɗin da dala ne. In saya? Daga wani mai karatu a Nima, Accra.

Amsa: Ƙanena, mai da katin bankinka aljihu tukuna. Wasan da ke hannunka ya zo da yanayinsa na kai tsaye, wanda yake jawowa daga meteoblue, wani kamfanin hasashen yanayi na ƙasar Suwizalan, yana kuma haɗawa da rahoton filayen jirage. SimBrief kuwa kyauta ce, tana da tata majiyar. Majiya biyu ke nan, to dole wata rana bakinsu ya saɓa. Ɗan bambanci a gudun iska ba laifi ba ne, matuƙan gaske ma suna tarar da shi, shi ya sa ake ɗibar mai da rara.

Inda na fi zargi shi ne agogo. Ka tsara tafiya da hantsi, NEPA ta Ghana ta yi halinta, wato dumsor, ba ka tashi ba sai bayan isha'i da tsohuwar takarda. Ko kuma ka juya agogon wasan zuwa rana don ka ga gari, kana zaton yanayin ma ya juya, alhali na yanzu yake ba ka. Sabunta takardar dab da tashi, ka ga ko matsalar za ta saura.

Sai kuma abin da nake so ka koya kafin ka kashe ko sidi ɗaya: karatun METAR, wato rahoton da filin jirgi ke fitarwa duk rabin awa ko awa guda. A ce ka buga DGAA, lambar filin jirgin Accra, ka ga wannan: 150700Z 21008KT 3000 HZ Q1011. Na farko yana cewa ranar 15 ga wata, ƙarfe 7 na safe agogon GMT. Mu nan mun huta da lissafi, agogon bangon ɗakinka shi ne agogon rahoton, ɗan Kano ne zai ƙara awa ɗaya. Na biyu, iska daga kudu maso yamma take tasowa, kusurwa 210, da gudun kusan kilomita 15 a awa. Jirgi yana tashi ne yana fuskantar iska, saboda haka titi mai lamba 21, wato mai fuskantar kusurwa 210, za ka hau, ba 03 ba. Na uku, ido ba ya wuce mita 3,000, kuma HZ ta gaya maka dalili: hazo. Da ka ga 9999 a wurin, to gari ya washe, kilomita 10 ko fiye. Na ƙarshe nauyin iska ne, da shi za ka saita ma'aunin tsayin jirgi. Wanda ya manta da wannan, ko manhaja goma ya saya, a tsayin ƙarya zai yi ta shawagi.

Me Active Sky za ta ƙara maka? Abu biyu nake ganin sun kai a biya. Tana ajiye yanayin kwanakin baya, har ka iya tuƙi yau da daddare cikin hadarin da ya taso shekaranjiya da la'asar. Tana kuma karɓar takardar tafiyarka ta zayyana maka iska da zafi a kowane zango, daga majiyar da za ta zuba a wasan, sai tsari da tuƙi su zama bakinsu ɗaya. Amma ka sani, a wannan wasan ba a sakar wa manhajojin waje mara sosai ba. In ta karɓi ragamar yanayi, abin da ke kanka shi take shimfiɗawa ko'ina, ba za ka riƙa hango gajimare ya yi gangami can gaba kana nufarsa ba kamar yadda yanayin da ya zo da wasan ke yi. Ni wannan hangen ina son sa.

Saboda haka ya danganta da inda kake zuwa. In Accra zuwa Kumasi ne, tafiyar da ba ta cika awa ba, iskar sama ba za ta ci maka man kirki ba, haƙura. In kana cikin masu kwana a kujera suna jan jirgin alhazai daga Tamale zuwa Jidda, inda iskar gaba ta awoyi ke sauya lissafin mai, to kuɗinka ba zai tafi a banza ba.

Tambaya: Ɗana ya dame ni in ba shi kuɗin manhajar yanayi. Tsohuwar kwamfutar babansa yake amfani da ita, wasan kuma ya ce sunansa FSX. Ba ɓarna ba ce? Daga wata uwa a Aboabo, Kumasi.

Amsa: Hajiya, Allah ya raya shi. A nan yaron yana da gaskiya fiye da mai tambayar farko. FSX, wato tsohon Microsoft Flight Simulator, tun 2006 ya fito, kuma hanyar da yake jawo yanayin gaske daga intanet ta daina aiki. In ba da manhajar waje ba, sai dai ya zaɓi gajimare da hannunsa, ko hunturu ya rufe Kumasi da ƙura shi sararinsa tas.

Sai dai ki sa masa sharaɗi biyu. Ya nuna miki a shafin masu sayarwa cewa wadda zai saya ta FSX ce, domin kowane wasa da tasa: ta X-Plane daban, ta Prepar3D daban, kuma ba lalle a mayar da kuɗi ba in an yi kuskure. Sannan kada ya bi waɗanda ke cewa a tura musu MoMo su ba da lambar buɗewa a rabin kuɗi. Irin wannan manhaja kullum sai ta tuntuɓi kamfaninta kafin ta kawo yanayi, lambar sata kuwa ana iya toshe ta kowace rana.

Kafin nan ki gwada shi. Ya buɗe aviationweather.gov, kyauta ne, ya buga DGSI, lambar filin jirgin Kumasi da aka raɗa wa sunan Prempeh na Ɗaya, ya fassara miki layin da ya fito da Hausa. Ke kuma ki leƙa tsakar gida ki ga ko sama ta gaskata shi.