Kafin Ka Sayar da Babur Ka Sayi Laftof

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malami ne a wata makarantar kuɗi a Zariya, shekarata tara ina koyarwa, albashin kuwa ba ya kai ni ashirin ga wata. Ina so in koma yin rubutu a intanet, irin wanda ake biyan mutum gwargwadon aikin da ya yi. Waya kawai gare ni, ƙirar Tecno. In sayar da babur ɗina in sayi laftof?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, bar babur ɗin nan inda yake, takardar ajiye aiki ma kada ka rubuta ta tukuna. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Wayar hannunka ta isa ka fara, muddin ka ƙara mata abu ɗaya: kibod na Bluetooth, ko na USB da za ka haɗa da 'yar wayar OTG, wadda ke jona kayan USB da wayar hannu. Ni kaina haka na fara, kibod a kan faranti, waya jingine da gwangwanin madara, bayan sallar isha'i. Da babban yatsa sai ka kwana a kan kalma ɗari takwas; da kibod, kafin shayi ya huce ka ci rabi.

Sauke Google Docs, manhajar rubutu ta Google. Yana ƙirga maka kalmomi, abin da ake biyanka a kai ke nan, kuma yana adana rubutu da kansa, ko caji ya ƙare ba ka yi asara ba. Akwai wurin da za ka kunna masa aiki ba data. Idan da Hausa za ka yi rubutu ko fassara, shiga saitin Gboard, wato kibod ɗin Google na kan fuskar waya, ka ƙara harshen Hausa, za ka samu ƙ, ɗ da ɓ. Kada ka raina wannan. Wanda ya miƙa aiki "kasa" da "ƙasa" duk iri ɗaya, edita ba zai sake nemansa ba.

Abin da ba ka da shi a yanzu samfuri ne, ba na'ura ba. Mai ba da aiki ba ya tambayar irin kwamfutarka, cewa zai yi "turo abin da ka taɓa rubutawa." Zauna ka rubuta guda uku a fannin da ka ƙware, wato koyarwa: yadda ake koya wa ɗan aji biyu karatu, ko abin da uwa za ta duba a littafin aikin gida. Zuba su cikin jaka ɗaya a Google Drive, ma'ajiyar intanet ta Google da ke ba kowa 15GB kyauta, ka buɗe ta yadda duk mai adireshin zai iya karantawa. Sannan ka gwada adireshin a wayar wani. Na sha ganin mutum ya tura shi a kulle, yana zaune yana jiran amsar da ba za ta zo ba.

Laftof sai kuɗin rubutun ya saya da kansa. In lokacin ya yi, na hannu ya wadatar, ƙirar ThinkPad ko EliteBook mai RAM (ƙwaƙwalwar aiki) 8GB da SSD (ma'ajiya mai sauri). Batir za ka fi sa wa ido, ka san halin wutarmu. Tun a shagon, buɗe Command Prompt, wurin rubuta umarni a Windows, ka rubuta powercfg /batteryreport, zai ajiye maka rahoto a fayil; in ka buɗe shi za ka ga ƙarfin batirin na asali da abin da ya rage. In ya yi ƙasa da rabi, ajiye musu kayansu.

Tambaya: Ni ma'aikaciyar jinya ce a Gusau. Tsakanin Fiverr da Upwork wanne ya fi? Kuma ta yaya dala za ta iso hannuna?

Amsa: Malama, dukansu shafukan intanet ne da ke haɗa masu aiki irin rubutu da masu ba da aiki, tsarinsu ne ya bambanta. A Fiverr kamar rumfa kike kafawa, ki rubuta abin da kike yi da farashi, ki jira mai saye. Suna cire kashi 20 cikin 100, kuma sabon mai sayarwa sai ya jira kwana 14 kafin ya iya cire kuɗin. A Upwork ke ce mai neman aikin, kuma kowace nema tana cin wasu maki da suke kira Connects, waɗanda in sun ƙare saye ake yi. Saboda haka ba a harbi kan mai uwa da wabi. Zaɓi aikin da ya shafi lafiya, inda kika fi dubban masu nema sanin kan abin.

Dukansu biyu suna biya ta Payoneer, kamfanin karɓar kuɗi daga ƙasashen waje, daga can ki tura bankinki. Sunan da ke kan katin shaidarki, da na banki, da na shafin, su zama ɗaya har harafi. Kada kuma wani ya ce ki kunna VPN, manhajar da ke ɓoye inda mutum yake, ki nuna kina Amurka. Ranar da suka nemi tantancewa za a rufe asusun, kuɗinki na ciki.

Ni dai da na zaɓa miki, da daga gida kika fara: ƙungiyoyin kiwon lafiya da ke buƙatar saƙonnin wayar da kai da Hausa. Masu iya wannan ba su da yawa.

Tambaya: An tuntuɓe ni a Telegram za a ba ni aikin rubutu, amma sai na biya kuɗin rajista.

Amsa: Damfara ce, ɗan'uwa. Toshe shi. Haka wanda zai ce ka rubuta masa kalma dubu biyu kyauta wai gwaji. Sakin layi biyu ko uku sun isa gwaji.

Tambaya: Zan iya sa ChatGPT ya rubuta, ni kuma in miƙa?

Amsa: Wanda ya ba ka aikin shi ma yana da shi a wayarsa, me zai sa ya biya ka? Yi amfani da shi wajen duba nahawun Turanci ko tsara kanun magana, amma duk wani adadi ko suna da ya ba ka, bi sawunsa, don yakan ƙirƙiro ƙarya da murya mai daɗi. Wasu masu ba da aiki sun hana shi gaba ɗaya, sai ka tambaya tun kafin ku yi ciniki.