Ɗana ya tambaye ni ko wanda aka kama mugu ne: amsa

'Yar'uwa, kin ce ɗanki mai shekara shida ya ga an sa wa wani ankwa a talabijin, ya tambaye ki ko mugu ne, kika rasa ta cewa. Fara da raba masa abu biyu da yara ke haɗawa: kamu daban, laifi daban. Ce masa, "'Yan sanda suna zarginsa da karya doka, amma hukunci na alƙali ne, kuma sai ya ji ta bakin kowa." Ba lallashi ba ne wannan, ƙa'ida ce da ke sashe na 11 na Sanarwar Haƙƙin Ɗan'adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1948: mutum ba shi da laifi har sai kotu ta tabbatar.

Mutum huɗu sun ishe shi a yanzu: mai gabatar da ƙara, wanda kawo hujja ke wuyansa, lauya mai kare wanda ake tuhuma, shaida, sai alƙali. Jera kayan wasansa huɗu, ki ce littafi ya ɓata, ki naɗa shi alƙali. Da ya nuna wani da yatsa, ki tambaye shi, "Wa ya gani? Ka ji ta bakinsa?" Beli da ɗaukaka ƙara su jira sai ya ƙara wayo.

Inda za ki sha fama shi ne niyya. A 1932 masanin halayyar yara Jean Piaget ya ba yara labarin wanda ya fasa kofi 15 bisa kuskure da wanda ya fasa ɗaya yana ƙoƙarin ɗaukar abin da aka hana shi. Ƙananan, 'yan ƙasa da shekara bakwai, galibi suka ce mai 15 ya fi laifi, don girman ɓarna suke dubawa. Saboda haka in wani abu ya zube a gida, riƙa tambayarsa, "Da gangan ne ko kuskure?" kafin ki yi faɗa.

Don Allah kada ki riƙa ce masa "zan kira maka ɗan sanda". Ranar da ya ɓata a hanya, ko wani ya cuce shi, gudun su zai yi. Kuma ki ce "ya aikata laifi", kada ki ce "mugu ne", don wataƙila akwai abokinsa da mahaifinsa ke tsare. In ya tambaya ko alƙali na kuskure, ce masa e, shi ya sa akwai kotu ta sama mai sake duba shari'ar.